Minti Arba'in na Ƙoramar Dalmok

Litinin, 1 ga Satumba, ƙarfe 12:40 na rana

Ban bi su cin abinci ba. Ina zaune da naɗin shinkafar kimbap da na sayo a kantin ƙasa, haushi ya cika ni, shi ya sa na buɗe littafin nan kafin in faɗa wa wani abin da za a kore ni a kansa.

Manaja Byeon ya tara mu da safe. Masu tsarin waya za su fito da sabon abu ranar 25 ga wata, wani ƙaramin kati da zai riƙa tsayawa a fuskar waya ko da tana kulle, yana ƙirga lokaci. Har sun haɗa nasu katin na teku, an gama shi tsaf, yana ɗauko lokacin janyewar ruwa da dawowarsa daga manyan tashoshin jiragen ruwa. Manhajar da ta shirya a ranar farko za a sa ta a sahun gaba a kasuwar manhajoji. Byeon ya riga ya faɗa wa mai kamfani a wurin cin gasasshen nama ranar Juma'a cewa aikin kwana biyu ne.

Shekara shida ke nan ina gina manhajar nan saboda matan da ke tonon katantanwa a lakar bakin teku, kuma tsarinta bai taɓa sauyawa ba. Akwai cikin gida, akwai zaure. A cikin gida ake lissafi: a ɗauko lokacin tasha, a cire gyaran kowane ƙauye, ƙauye ɗari biyu da goma sha biyu, kowanne daga bakin tsofaffinsa na rubuto. Zaure kuwa na baƙi ne. Duk sabon abin da masu waya suka ƙirƙiro, a zaure nake shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi cikin gida lokaci, a ba shi, ya nuna. Da agogon hannu ya zo, mako guda na yi masa wuri. Waya mai naɗewa kwana huɗu ta ci. Baƙo ba ya shiga ciki, kuma ba ya faɗa wa mutanena lokaci daga kansa.

Byeon ya ce, "Malama Pyo, katin nan ba ya buƙatar zaurenki. A jona shi kai tsaye a wuce wurin."

Na ce, "Yallaɓai, lokacin tasha zai nuna. A ƙauyenmu Dalmok bambancin minti arba'in ne. Ka ba ni mako uku har da gwaji, mu yi amfani da katinsu, mu zuba lokacinmu a ciki."

"Lokacin hukuma ne. Wa zai kama mu da laifi a kan lokacin hukuma?"

"Mu ba wanda zai kama mu. Ruwa ne zai kama mutane."

Ba a mayar wa manaja magana a gaban mutanensa, ni ma na sani, ba jiya na fara aiki ba. Amma dokar kamfanin nan ita ce babu gyaran da zai fita sai da sa hannuna. Ban sa hannu ba.

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe 6:10 na yamma

Ya aiko da takardar neman amincewa sau uku. Ban sa hannu ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe 1:00 na rana

Tak Du-ri ya ja ni zuwa saman bene shan kofi. A shekara ɗaya aka ɗauke mu aiki, shi ya sa yake yi mini magana ba kara.

"Ke Sun-ae, kanki ɗaya kuwa? Ki sa masa hannu, bayan wata guda mu gyara shiru. Haka ake yi ko'ina."

"Wata guda ruwa babba biyu ne, sau biyu teku ke cika ƙwarai."

"Tsofaffin nan fa sun fi wayarki sanin teku. Ummanki ma da ƙyar take duba ta."

"Umma ba ta dubawa. Surukar Gwaggo Geum-rye da aka auro daga birnin Daejeon tana dubawa. 'Yan birni masu zuwa da bokiti ranar Asabar suna dubawa."

Ya busa kofinsa ya ce, "Wannan taurin kan naki, da a ce ana sayar da shi, da an gina gada da shi."

Na ce ya sha kofinsa ya bar ni. Ya gaya mini abin da ban sani ba. Byeon ba zai iya cire dokar sa hannun da kansa ba, domin mai kamfani ne ya kafa ta, kuma in ya je neman a cire, dole ya bayyana yadda kwana biyu suka zama mako uku. Hanya ɗaya ta rage masa, ya sa in rubuta takardar ban haƙuri in amsa cewa na yi wa na gaba rashin kunya. In ta shiga fayil, sai a sauke ni a ba wani sa hannun.

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe 9:20 na safe

Na iso na tarar an ɗauke teburina. Yana can bakin hanyar banɗaki, fuskarsa na kallon bango. Babu kwamfuta a kai. Akwai farar takarda ɗaya da biro.

Na taɓa jin ana yi wa mutane haka a manyan kamfanoni, a zaunar da kai ba aiki, kowa na wucewa ta bayanka, har kunya ta sa ka ajiye aikin da kanka. Ban san muna da girman da za mu yi irin wannan ba, mu da duk-duk mu ashirin da uku ne. Na cire rigar sanyina na rataye a kujera, na zauna, na gaishe da bangon.

Talata, 9 ga Satumba, ƙarfe 5:55 na yamma

Fari ne. Akwai tsaga guda daga sama, da tabon da wani ya kashe sauro. Ban rubuta ba, ban sa hannu ba.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe 12:30 na rana

Abin da ya fi ciwo shi ne takun ƙafa. Mutanen da na koya wa aiki suna sassauta tafiya in sun zo bayana, sannan su ƙara sauri. Ba na jin haushinsu sosai. Ƙarya nake, ina ji.

Byeon ya tsaya a kaina da ƙarfe goma sha ɗaya.

"Malama Pyo, layi uku kawai. Na yi kuskure, na yi nadama, ba zan sake ba. Ko ɗan firamare ya iya."

"Yallaɓai, biron ba ya rubutu."

Ya ɗauka ya gwada a tafin hannunsa, ya yi rubutu sarai. Ya ajiye ya tafi da shuɗin layi a hannu. Wannan ya riƙe ni har yamma.

Juma'a, 12 ga Satumba, ƙarfe 3:00 na rana

Tunda sun ba ni biro, na sa shi aiki. Na juya littafin nan ta baya na fara rubuta wa katin wurinsa a zaure, da hannu, kamar yadda ake yi mana jarrabawa a jami'a. Na ɗauka zai gagare ni babu kwamfuta. Bai gagara ba, domin ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida guda ɗaya ce kuma ni na sassaƙa ta. Baƙo ya faɗi sunan ƙauye, a ba shi lokacin fita. Agogo haka ya yi, waya mai naɗewa haka ta yi, kati ma ba ɗan sarki ba ne.

Layi sittin da ɗaya. Na ji daɗi har na yi dariya ni kaɗai, wata mai wucewa ta ƙara sauri.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe 4:30 na yamma

Na kira Umma. Ta dawo daga laka tana wanke katantanwa, ina jin ƙarar ruwa a roba.

"Muryarki ba daidai ba. Kina cin abinci?"

"Ina ci, Umma."

"Kina ci, ko kina tauna abin kantin nan mai sanyi? An yi miki wani abu a wurin aiki?"

"An sauya mini wurin zama ne kawai."

"To in wurin zama ne, zauna. Ni shekara hamsin ina durƙushe."

Na tambaye ta ƙorama, ta ce tana nan inda take, ba ta yi ƙaura ba. Sai muka sauya magana, kamar yadda muka saba in an zo nan. Ba zan rubuta wannan ba yau.

Ga abin da Byeon bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, a bene na goma sha biyu aka haife shi. Ɗan birni yana tsammani teku ta gaba take dawowa, ka gan ta ka juya ka tafi. Ta baya take zagayowa. Tana bin ƙoramun da ke cikin laka, ta cika su tukuna, kana tsaye a busasshen wuri kana tono, ka ɗaga kai ka ga kogi tsakaninka da gida. Lokacin tasha gaskiya ne a tasha. A Dalmok ƙorama tana rufewa minti arba'in kafin nan.

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe 1:15 na rana

Du-ri ya ajiye mini madarar ayaba a tebur ba tare da ya tsaya ba. Na sa shafukan nan uku da na yage a ƙarƙashin kwalbar. Da ya dawo daga banɗaki ya ɗauki kwalbar da abin da ke ƙasanta.

Talata, 16 ga Satumba, ƙarfe 10:00 na safe

Ban sa hannu ba. Na gaji ƙwarai. Jiya a jirgin ƙasa na tsara takardar ajiye aiki a kaina, har da inda zan sa waƙafi. Amma in na tafi, washegari wani zai sa hannu.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe 2:20 na rana

Du-ri ya wuce ta bayana yana magana kamar da bango yake. "Kin manta rufe baka guda a layi na talatin da takwas, gwanar duniya. Sauran ya tashi." Ya ce katin yana cikin wayar gwaji guda, ba wanda ya sani. Na tambaye shi kwana nawa ya ci, ya ɗaga yatsa ɗaya ya shige.

Gobe akwai cin abincin kamfani, mai kamfani zai zo. An sa sunana a jerin don kada ya tambaya.

Juma'a, 19 ga Satumba, ƙarfe 8:30 na safe

Na yi ta.

Jiya an zaunar da ni a ƙarshen tebur kusa da takalma. Da aka fara zagayen zuba wa manya abin sha, na tashi na ɗauki kwalba da hannu biyu, na durƙusa gaban Byeon yadda ya kamata, na cika masa kofi. Fuskarsa ta saki, ya ɗauka na sauko ne. Mai kamfani na gefensa yana juya nama.

Na ce, "Yallaɓai Manaja, zan rubuta takardar, zan kuma sa hannu. Alfarma ɗaya nake roƙo. Jibi akwai ruwa babba. Ka zo Dalmok da katinka, mu shiga laka tare, kada mu fito sai katin ya ce mu fito."

Byeon ya ce ba wurin maganar aiki ba ne. Mai kamfani ya ajiye abin juya naman ya ce, "Wace takarda?" Ya dube ni, ya dubi Byeon, sannan ya yi dariya ya ce, "Gwajin kaya kafin a fitar ai ba laifi ba ne. Byeon, je ka sha iskar teku, ka kawo mini katantanwa."

A gaban mutum ashirin da biyu ba yadda zai ce a'a. Ya shanye kofin, ya juya kai gefe kamar yadda ladabi ya ce, kunnuwansa sun yi ja.

Ban faɗa wa Umma ba. Na ce mata kawai ina zuwa da baƙi.

Asabar, 20 ga Satumba, ƙarfe 5:40 na yamma, a ɗakina na da

Du-ri ne ya tuƙa mu. Awa uku muna hanya, Byeon ya nemi a rage sanyin mota. Umma ta ba shi dogon takalmin roba da garma ƙarama, ta ce da shi, "Manaja, 'yata ba ta da sauƙi, ka yi haƙuri da ita." Ya ce, "Babu komai, Uwa," yana sunkuyar da kai.

Mun ƙetare ƙorama da ƙarfe goma, ruwan ko idon sawu bai kai ba. Byeon ya tsallake ta yana cewa, "Wannan ce?" Muka yi nisa, ya tono katantanwa bakwai, har ya fara jin daɗi. Du-ri ya tsaya can baya kusa da matan ƙauye.

Ƙarfe 11:50 wayar gwajin da ke aljihuna ta yi ƙara, katin da na rubuta da biro ya ce a fito. Matan ma sun riga sun miƙe suna jan buhunansu, ba su jira waya ba. Byeon ya duba tasa. Akwai hoton igiyar ruwa mai kyau yana motsi, a ƙasa an rubuta saura minti arba'in.

Ya dubi gaba, teku na can nesa kamar zare. Ya ce, "Kin gani? Ko alamarta babu." Ya ci gaba da tono.

Na tsaya. Minti goma. Minti goma sha biyar. Ina jin muryar Gwaggo Geum-rye daga nesa tana kiran sunana. Ban juya ba, na san abin da ke bayana.

Shi ne ya juya. Garmar ta faɗi daga hannunsa. Inda ya tsallake ɗazu ruwan ƙasa-ƙasa ne yana gudu, faɗinsa ya kai titi.

"Malama Pyo, mu tafi."

"Saura minti nawa, Yallaɓai?"

"Ki bar wannan, mu tafi."

"Katin ya ce nawa?"

Ya duba. "Ashirin da huɗu."

"To lokacin hukuma bai yi ba."

"Sun-ae, don girman iyayenki."

Bai taɓa kiran sunana ba sai yau. Na kama hannun rigarsa na bi da shi ta wurin da ƙasan ke da tsakuwa, inda aka koya mini tun ina 'yar shekara tara. Ruwan ya kai mini ƙirji, yana jan ƙafa. Takalminsa ɗaya ya tafi. Gwaggo Geum-rye ta kawo tarakta har bakin ƙorama, Du-ri ya jefo igiya, aka jawo mu. Muna hawa, Byeon ya amayar da ruwan gishiri, wayar na hannunsa, igiyar ruwan na ta motsi, saura minti goma sha ɗaya.

Na ci nasara, kuma na ji daɗinta, ba zan ɓoye ba. Daɗin ya kai daidai lokacin da na ga fuskar Umma. Tana tsaye a kan tudu da buhunta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta dafa wa baƙi taliya da katantanwa, ta ba Byeon busassun kaya, ta raka su mota. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Lahadi, 21 ga Satumba, ƙarfe 7:00 na safe

Da zan fita ta yi magana, tana fuskantar tukunya. "A daidai inda ya tsaya kika tsaya. Ina kallo."

To bari in rubuta. Shekara ashirin da uku da suka wuce Baba ya shiga laka da sabon agogo da takardar lokacin tasha a aljihu. Takardar ba ta yi ƙarya ba, amma bai dawo ba. Umma na kan tudun nan ranar ma.

Na san wannan duk kwanakin da nake shirya abin jiya. Na yi tunanin Byeon, na yi tunanin mai kamfani, na yi tunanin inda tsakuwa take. Ban yi tunanin wanda zai tsaya a tudu ba.

Litinin, 22 ga Satumba, ƙarfe 11:00 na safe

Teburina na nan yana kallon bango, amma an mayar da kwamfuta. Akwai takardar neman amincewa guda: kati ta zaure, layi sittin da ɗaya, mai nema Byeon. Na karanta kowane layi sau biyu, na sa a gwada ƙauyuka goma. Na sa hannu.

Ya zo da rana, yana ɗingishi kaɗan. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba.

"Maganar takarda tana nan. Abin da kika yi ranar Asabar ma ya isa a kore ki. Rubuta layi ukun, a mayar da teburinki."

"Yallaɓai, na saba da bangon."

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "Ki gaishe da Uwa. Taliyarta ta yi daɗi."

Na ɗauki farar takardar da ta yi mako biyu tana jirana, na cika ta gaba da baya. Na yi kuskure, na yi nadama, ba zan sake ba, da sauran abin da ban taɓa faɗa ba tun ina 'yar shekara goma sha huɗu. Na sa a ambulan na rubuta adireshin Dalmok.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe 6:00 na yamma

Katin ya fita. Muna sahu na biyu, ba na farko ba, Byeon ya sha faɗa a kan haka. Na kira Umma sau biyu, ba ta ɗauka ba.

Asabar, 27 ga Satumba, ƙarfe 4:00 na yamma

Ba ta ɗauka ba.

Talata, 30 ga Satumba, ƙarfe 2:05 na rana

Saƙo ya shigo daga Umma. Hoton wayar surukar Gwaggo ne, da shatin yatsa na laka a kan katin. A ƙasa ta rubuta, ba gaisuwa:

"Arba'in ɗinki ya tsufa. Yashi ya motsa bana, ran nan ma ruwan ya riga ki. Mayar da shi arba'in da biyar a ƙoramar babanki. Kuma ki ci abinci mai zafi."

Ba ta taɓa kiran ƙoramar da wannan suna ba. Na buɗe cikin gida, na nemo Dalmok, na goge sifili na sa biyar. Ban taɓa komai a zaure ba. Na duba katin, na duba agogo, na duba waya mai naɗewa, duk sun ja baya da minti biyar.

Daga nan na kifa kai a tebur na yi kuka sosai. Amfanin wurin nan ke nan, ba wanda ya ga fuskata.